Waɗanda Rumbu Bai Adana Ba

Litinin, bayan Magariba

Yau na yi ƙarya. Na fara da wannan ne don kada in yi ta kewaye-kewaye har in samo mata wani suna mai sauƙin haɗiya.

Da hantsi aka kira ni daga bene zuwa ƙofar asibitin idon da nake yi wa aikin kwamfuta. Na tarar da Gwaggo mai ɗinki, maƙwabciyarmu, tsaye gaban teburin karɓar baƙi, ta riƙe gefensa yadda take riƙe kowane abu tun da yanar ido ta rufe mata gani. Ta zo jin ranar da baƙon likita zai yi mata aiki. Ma'aikaciyar teburin ta juyo mini da allo, ta ce, "Anti, na duba da suna babu ita. Na duba da lamba, sai na ga ta wata ce." Na leƙa. Lambar wayata ce. Sunan da ke jikinta kuma na Inna ne, mahaifiyata.

Ni na yi musu rajista su biyu, rana ɗaya, a ɗakin Inna. Na fara da Inna, na bi da Gwaggo. Da yake babu mai waya a cikinsu, na sa lambata sau biyu. Sau biyu kuma shafin rajistar ya rubuta cewa an karɓi rajista, na karanta musu da bakina, suka ce amin.

Kafin in ɗago kai daga allon na riga na gane abin da ya faru, don ni na gina shafin. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwaggo, matsalar sadarwa ce, bai shiga ba."

Ta ce, "To 'yar nan, ita sadarwar me na yi mata? Ko ita ma na taɓa ɓata mata ɗinki ne?" Mutanen da ke layi suka yi dariya. Ni ma na yi. Wannan dariyar ce ta fi ƙaryar tsaya mini a wuya.

Ina da mabuɗin rumbun bayanai. Zan iya shiga ta bayan fage in rubuta sunanta da tsohon kwanan wata, ba mai sani. Saboda haka na ɗauki alwashi tsakanina da Ubangijina: ba zan taɓa rumbun nan a ɓoye ba, ba don Gwaggo ba, ba don kowa ba. Duk gyaran da za a yi, ta ƙofar da kowa ke gani zai bi.

Talata, da asuba

Zan rubuta laifin dalla-dalla, yadda zan bayyana wa wanda bai san aikin ba, ko na daina ɓuya a bayan kalmomin sana'a.

Idan mutum ya cike shafin rajista, manhajar tana yi masa abu biyu. Da farko tana ƙirƙirar sabon majinyaci a ƙwaƙwalwar kwamfuta: sunansa, shekarunsa, lambarsa, duk a haɗe, kamar mutum tsaye a bakin ƙofa. Wannan bai zama komai ba tukuna, yana gushewa da zarar shafin ya rufe. Sai mataki na biyu: a umarci rumbu ya adana shi. Rumbu kuwa yana ba da amsa, e ko a'a.

Ni na rubuta umarnin adanawa, amma ban rubuta layin da zai saurari amsar ba. Ko rumbu ya ce e, ko ya ce a'a, shafina murmushi yake yi ya ce an karɓa. Akwai wani umarnin mai kwarmato, wanda idan an ƙi karɓa sai ya tsayar da komai ya yi ihu. Na san shi. Na zaɓi mai shirun, don ba na son tsofaffi su ga jan rubutu su tsorata.

Bayan haka, da na ga wasu na yin rajista sau biyu sau uku, sai na kafa wa rumbun ƙa'ida: lambar waya ɗaya, mutum ɗaya. Na yi gwaji, ya yi kyau. Kowane mutumin da na ƙirƙira don gwajin yana da lambarsa shi kaɗai, kamar haka duniya take. Ni da nake zaune gida ɗaya da tsohuwa marar waya.

Talata, bayan La'asar

Na buɗe tarihin da kwamfutar ke rubutawa na abin da ya wakana, ina fatan in samo sunayen waɗanda aka ƙi. Babu suna ko ɗaya. Ni ce na hana a rubuta sunan majinyaci a wurin, bara, na kuma yi doguwar magana a taro a kan amana. Abin da ya rage layi ne iri ɗaya: an ƙi, an ƙi, an ƙi. Na fara ƙirgawa, na daina.

Laraba, da rana

Na faɗa wa Manaja. Abokin aikina, wanda duk ofis ke kira Gaggawa, yana wurin.

Manaja ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Mutum nawa?"

Na ce, "Ban san su ba, ranka ya daɗe. Babu su a ko'ina."

"Kamar yaya babu su? Ai sun yi rajista."

"Sun yi. Mu ne ba mu karɓa ba."

Ya mayar da tabaransa. Sannan ya tuna mini abin da na sani: gurabe sun cika, an riga an fara aiki tun makon jiya, likitan kuma idan ya tafi sai baɗi. Na roƙi a aika saƙo ga duk lambar da ke rumbu, a tambaya ko an yi wa wani rajista da ita ban da wanda muka sani. Ya yarda, bisa sharaɗin kada kalmar kuskure ta fito a saƙon. Za a buɗe musu layin jira na daban. Idan gurbi ya faɗi, wanda kwanan watan rajistarsa ya fi tsufa a layin shi zai samu. Na ce ai ainihin ranar tasu ta ɓace. Ya ce, "To ba mu da shaida. Wanda ya riga sake yi shi ne gaba."

Da muka fito Gaggawa ya ce, "Ustaziya, ke da ko biron ofis ba kya tafiya da shi gida, ashe mutane kike ɓatarwa?" Ya ga fuskata, sai ya rage murya. "Wasa nake, Yaya. Kowa ya taɓa mance wannan layin. Ni sau nawa."

Na ce, "A kan me ka mance shi?"

Ya ce, "Shafin wani shagon takalma."

Alhamis

Gyaran manhajar layi huɗu ne. Na zauna ina kallonsu kamar gawa.

Asabar, da hantsi

Sun fara zuwa. Mata da miji, wa da ƙane, uwa da 'ya. Kullum ɗaya yana ciki, ɗaya babu shi. Kusan kullum kuma wanda babu shi ne na biyu a gida, wanda ake cewa bari a gama da wane tukuna.

Wanda ya fara isowa wani mai gyaran agogo ne, sanye da baƙin tabaran da ake ba waɗanda aka yi wa aiki. Yana jaye da matarsa, ta dafa kafaɗarsa. An yi masa nasa tun kwanakin farko, yana zaton kiran mata daban yake. Ya ce wa ma'aikaciyar teburi, "'Yata, ni da na sani ai da ita na fara sawa. Ni ido ɗaya ne ya mutu. Ita ko hasken taga ba ta bambancewa." Matar ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, gaggawar ganin fuskar masu kawo agogo kake yi." Ya ce, "Shekara nawa ina ganin taki, na gaji ne?"

Ita aka fara rubutawa a layin jira. Ina tsaye a bayan teburin, na ga rumbu ya ce e.

Ban kawo Gwaggo ba. Ina iya kawo ta tun safe, gidanmu katanga ɗaya. Kawo ta yana nufin in gaya mata ba sadarwa ba ce.

Litinin, bayan Isha'i

Na gaya mata. Tana zaune kusa da keken ɗinkinta, an lulluɓe shi da tsohon zane. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato ke ce sadarwar."

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce, "To ai da sauƙi, tunda na san gidanki."

Ta nuna mini wata riga da aka dawo mata da ita. Ta ɗinke hannun a bai-bai, tana lalube. Matar da ta kawo aikin ba ta yi faɗa ba, ta dai ce a huta, Gwaggo, a huta. Gwaggo ta ce wannan a hutan ya fi zagi ciwo. Shekarun da ta yi tana ci da kanta daga keken nan sun fi nawa na aiki yawa, ba ta da ɗa, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Na sake yi mata rajista a gabanta. Mutane da dama sun riga ta. Kwana biyun da na yi ina lallashin kunyata, ita ta biya su.

Laraba, da yamma

An yi wa Inna aiki. Lafiya lau.

Ya zo mini a rai, tun kafin yau, cewa ina iya janye sunan Inna in bar wa wani gurbin. Ina so in rubuta cewa na daɗe ina kokawa da wannan tunanin. Ban daɗe ba.

Juma'a

Inna na gani. Ta ce labulen ɗakinta ya yi datti, ta ce na rame, ta ce yaushe za a kira ƙawarta Gwaggo. Na ce ana kan duba lamarin. Irin maganar Manaja ce wannan, na ji ta a bakina.

Litinin, da safe

Makon ƙarshe. Ba gurbin da ya faɗi. Na kama kaina ina duba jerin waɗanda za a yi wa aiki, ina lura da masu hawan jini da masu ciwon sukari. Astagfirullah. Ban roƙi kowa ya kamu da ciwo ba. Amma na duba.

Talata, da hantsi

Gurbi ya faɗi. Wani dattijo, sukarinsa ya hau, likita ya ce ba zai taɓa shi ba. Gurbi ɗaya, ranar Alhamis. Bayan Azahar ma'aikaciyar teburi za ta danna, manhajar ta fitar da wanda ke kan gaba.

Gaggawa ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Ya ce, "Yaya, ki saurare ni. Ba ƙarya za ki rubuta ba. Ranar da tsohuwar nan ta yi rajista ke shaida ce, da hannunki kika yi. Ki goge sabuwar rajistarta, ki ƙirƙiri wata da ranar gaskiya. Gyaran kuskure sunansa."

Na ce, "Sauran fa? Su wa zai gyara musu?"

Ya ce, "Sauran ba ki san ranarsu ba. Wannan kin sani. Don ba za ki iya ceton kowa ba sai ki ƙi ceton ɗaya?"

Na ce na yi alwashi. Ya ce, "Alwashin naki ne, idon nata ne." Ya tura kujerarsa ya koma.

Talata, bayan La'asar

Ban sauka sallar Azahar tare da abokan aiki ba. Na yi daga baya, ni kaɗai.

Laraba

Sai yau aka kira wayata daga teburin ƙasa, ni ina bene. "Anti, albishirinki, Gwaggonki ce ta fito." Na ce Allah Ya sa albarka. Muryata ba ta yi rawa ba. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Ina ta mamakin sauƙin abin. Na zaci hannuna zai yi nauyi, ko wuta za ta ɗauke, ko wani zai turo ƙofa. Layi biyu na rubuta, na sa wa Gwaggo tsohon kwanan wata. Wannan karon na saurari amsar rumbu. Ya ce e, irin e ɗin da yake ce wa kowa. Bai tambaye ni komai ba.

Alhamis, da yamma

An yi wa Gwaggo aiki.

Mai gyaran agogo ya zo da rana, shi kaɗai. Na ji muryarsa daga matakala, yana cewa, "Amma 'yata, ran nan kin ce ita ce ta ɗaya." Ma'aikaciyar ta ce kwamfuta ce ta fitar, ita ba ruwanta. Ya ce, "To, kwamfuta ta fi mu sani." Na tsaya a kan matakalar har ya fita.

Akwai abu ɗaya da zan iya dubawa tun ranar Talata, ban duba ba.

Juma'a, da hantsi

Na raka Gwaggo aka cire mata bandeji. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ta kalli likita, ta kalli fanka, ta kalli tafin hannunta. Sannan ta kama gefen mayafina ta kai kusa da fuska. Ta ce, "'Yar nan, wane maƙiyin Allah ne ya yi miki wannan kalmasa? Kawo shi gobe in warware."

Ta yi dariya, Inna ta yi, har likitan da bai ji me aka ce ba ya yi. Na yi farin ciki. Ba zan ƙara wata ƙaryar in ce ban yi ba.

Juma'a, bayan La'asar

Na duba.

Gaggawa ya ce ban san ranar sauran ba, ni ma na bar maganar ta zauna don ta yi mini daɗi. Amma mai gyaran agogo ya faɗa da bakinsa cewa zama ɗaya suka yi rajista shi da matarsa, kuma ranarsa tana nan a rumbu, a fili, ga duk mai son gani. Ya riga Inna da kusan mako biyu. Shi ya sa aka yi masa aiki kafin ita. Na san wannan tun ranar da na gan shi da baƙin tabarau.

Da sabon layi aka bi, matarsa ce. Da ranar gaskiya aka bi, wadda na fake da ita, matarsa ce.

Asabar

Likita ya tafi da safe.

Litinin, da rana

Na gaya wa Manaja, na kuma ajiye masa mabuɗin rumbu. Ya ce, "Ke? Ke da kika zo da ƙafarki kika kai ƙarar kanki?" Ya maimaita "ke" har sau nawa ban sani ba. Ya ce zai kai maganar gaba, in jira a gida. Na roƙi abu ɗaya: idan an buɗe rajistar baɗi, a fara da layin jiran nan, a rubuta hakan a takarda da sa hannunsa, kada a bar shi a hannun manhaja ko a hannuna. Ya ce zai duba. Na tsaya. Ya ɗauki biro.

Gaggawa ya biyo ni har ƙofa. Ya ce, "Yaya, ni na zuga ki." Na ce, "Kai ka yi magana. Ni na zauna a kujerar."

Talata, bayan Magariba

Na je shagon mai gyaran agogo. Ɗan ƙaramin wuri ne a ƙarƙashin wani bene, agogo ko'ina a bango, kowanne da lokacinsa. Matar tana zaune a kan benci a ciki, tana tsince wasu ƙananan kusoshi a faranti da yatsu, manya gefe, ƙanana gefe.

Na gaishe su, na faɗi ko ni wace ce, na faɗi abin da na yi, duka biyun, na farko da na biyu. Na shirya kalmomin tun a hanya, amma a gabansu sun fito a tsirara.

Ya cire gilashin da ke manne a idonsa, ya ajiye a hankali. Ya ce, "Baiwar Allah, kin zo ne in ce na yafe ki samu barci?"

Na ce, "A'a. Na zo ne don kada ka ci gaba da cewa kwamfuta ce."

Ya ce, "To na ji. Shekara guda kika ɗauke mata. Ki fita mini daga shago."

Na juya. Sai matar ta ce, "Tsaya. Ita wadda aka yi wa, tana gani?"

Na ce, "Tana gani. Ta koma kan kekenta."

Ta ci gaba da tsince kusoshin a farantin. Ba ta ce alhamdu lillahi ba, ba ta ce Allah Ya isa ba. Ta ce, "Baɗi ke za ki zo ki kai ni. Shi ba na son ya sake rufe shago a banza."

Mijin ya ce, "Ita? Wannan?"

Ta ce, "Ita. Ai ta san hanya."

Laraba, da asuba

Ina jin keken Gwaggo ta katanga tun kafin gari ya waye. Mayafina ne a ƙarƙashin allurar. Ba ta san komai ba tukuna. Yau zan gaya mata, idan na je karɓa, kuma ban san wace fuska za ta yi mini da sabon idon ba.

A shafin farko na littafin nan na rubuta alwashi cewa ba zan taɓa rumbu a ɓoye ba, ba don Gwaggo ba, ba don kowa ba. Ban cika shi ba. Na karya shi ranar Talata, lokacin sallar Azahar, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni.